Mutum 2,458 a Kano: gado, ƙanjamau da yoyon furotin a fitsari

A shekarar 2021 mujallar likitocin ƙoda mai suna Kidney International ta buga sakamakon wani bincike da aka yi a Kano, a sashen da ke kula da masu ɗauke da cutar ƙanjamau na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Likitocin asibitin ne suka gudanar da shi tare da takwarorinsu na Jami'ar Vanderbilt da ke Amurka, cikinsu har da Dakta Usman Wudil da Farfesa Muktar Aliyu. Manya 2,458 aka ɗauka, kowannensu ya yi aƙalla wata shida yana shan maganin ƙanjamau. An karɓi fitsarin kowa sau biyu, da ratar mako huɗu zuwa takwas, aka auna yawan furotin ɗin da ake kira albumin a ciki. An kuma ɗebi jini don abu biyu: a ƙiyasta ƙarfin aikin ƙoda, a kuma duba wata ƙwayar gado mai suna APOL1.

A ɓangaren gado, kashi 6.2 cikin ɗari, wato mutum 152, su ne suka gaji nau'in APOL1 mai haɗari ta wajen uwa da ta wajen uba duka. Rabon bai zo daidai ba: kashi 2.1 a tsakanin Hausawa da Fulani, kashi 14.5 a tsakanin Yarbawa, kashi 49.1 a tsakanin 'yan ƙabilar Ibo. A ɓangaren fitsari kuwa, kashi 37 suna da ƙaramin yoyon albumin, tsakanin miligiram 30 zuwa 300 a kowane giram na kiriyatinin (dattin da tsoka ke samarwa, ƙoda ta fitar da shi a fitsari), wasu kashi 3 kuma sun haura 300. Masu kwafi biyu na ƙwayar gadon, wato waɗanda suka gaje ta ta wajen uwa da uba, sun fi sauran shiga matsala. Yiwuwar samun ƙaramin yoyo a wurinsu ta ninka kusan sau biyu, ta babban yoyo kusan sau huɗu, ta haɗuwar babban yoyo da raguwar ƙarfin ƙoda kuma sama da sau biyar.

Idan aka ɗora alƙaluman biyu a kan juna, a nan gizo ke saƙar. Kashi 40 na mutum 2,458 ya kusa 980. Masu kwafi biyu 152 ne kacal. Ko da a ce dukkansu suna yoyo, alhali ba haka ba ne, saura mutum sama da 800 da ƙodarsu ke zubar da furotin ba tare da sun gaji wannan haɗari ba. Ƙwayar gadon gaskiya ce, kuma tana da ƙarfi a kan wanda ke ɗauke da ita, amma ba ita ta cika layin marasa lafiyar Kano ba.

Abin da albumin a fitsari yake faɗa

Kowace ƙoda tana da ƙananan matatu kusan miliyan ɗaya. A kullum ƙodoji biyu suna tace kimanin lita 180 na ruwan jini, su mayar da kusan duka cikin jiki, lita ɗaya zuwa biyu ce kawai ke fita a matsayin fitsari. Bakin kowace matata dunƙulen siraran jijiyoyin jini ne, a lulluɓe da wasu ƙwayoyi masu ƙafafu da ake kira fodosayit. Ƙafafun nan sarƙe suke da juna, kuma 'yan ƙofofin da ke tsakaninsu su ne idon rariyar: ruwa da gishiri da dattin jini su wuce, albumin da ƙwayoyin jini su tsaya. Matsalar ita ce fodosayit ba ya haihuwar wani idan ya mutu. Wurin da ya bari sai ya zama tabo, matatar ta toshe, sauran matatun su ɗauki aikinta. Aikin da ya ƙaru yana ƙara matsin jini a cikinsu, matsin ya kashe wasu fodosayit ɗin, a haka ɓarnar ke ciyar da kanta shekara da shekaru, mutum yana harkokinsa bai ji komai ba.

Shi ya sa albumin a fitsari yake riga kowace alama bayyana. Kumburin ƙafa da fuska, fitsari mai kumfa, kasala, ƙaiƙayin jiki da tashin zuciya duk daga baya suke zuwa, lokacin da aka riga aka yi asarar kaso mai yawa na matatun. A ƙa'idar da likitocin ƙoda na duniya suke bi, ana cewa mutum yana da ciwon ƙoda mai daɗewa idan ƙiyasin ƙarfin tacewa, wanda ake rubuta eGFR a takardar gwaji, ya zauna ƙasa da 60, ko albumin ya zauna a 30 zuwa sama, har fiye da wata uku. Daga 59 zuwa 30 mataki na uku ne, 29 zuwa 15 na huɗu, ƙasa da 15 kuma gazawar ƙoda, inda ake fara maganar wankin ƙoda ko dashenta.

Gadon da ƙudan tsando ya bari

Shekaru da dama likitocin Amurka suna ganin baƙaƙen fata na fuskantar gazawar ƙoda ninki uku zuwa huɗu fiye da farare. An ɗora laifin a kan hawan jini da talauci da ƙarancin zuwa asibiti, kuma duk suna da hannu, amma ba su cike gurbin ba. A 2008 masu bincike suka gano cewa wani yanki na kuromosom na 22, ɗaya daga cikin zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, yana da alaƙa da lamarin, suka zargi wata ƙwayar gado mai suna MYH9. A 2010 ayarin Martin Pollak na Jami'ar Harvard ya nuna cewa maƙwabciyarta ce mai laifin, wato APOL1.

Aikin APOL1 na asali kariya ne. Furotin ɗin da take samarwa yana yawo a jini, idan ya gamu da ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa sai ya huda jikinta ta mutu. Dalilin ke nan da ya sa ƙwayar da ke sa wa shanu sammore ba ta kama mutum. Amma wani reshe na ƙwayar cutar, mai haddasa cutar barci, ya samo hanyar toshe wannan makami. Sai aka samu sauye-sauye biyu a jikin APOL1 a tsakanin mutanen Afirka, aka sa musu suna G1 da G2. A G1 tubala biyu na furotin ɗin ne suka canza, a G2 tubala biyu ne suka ɓace. Wanda ya gaji ɗaya daga cikinsu ya fi jure wa cutar barci, don haka ya rayu ya haifi 'ya'ya, sauyin ya bazu. Tsarin ɗaya ne da na sikila da zazzaɓin cizon sauro: kwafi ɗaya riba ce, kwafi biyu kuma akwai farashi. G1 da G1, ko G1 da G2, ko G2 da G2, su ne haɗin da ake kira mai haɗari.

Farashin a ƙoda ake biyansa. Fodosayit ma yana samar da furotin ɗin APOL1, kuma nau'in G1 da G2 yana buɗe ƙofofi a bangon ƙwayar da kanta, sinadarai su riƙa shiga da fita ba bisa ƙa'ida ba, har ta kumbura ta mutu. Kusan kashi 13 cikin ɗari na baƙaƙen fatar Amurka suna da kwafi biyu, sun gajo shi daga kakanninsu da aka kwasa daga Afirka ta Yamma a zamanin cinikin bayi. A wurinsu an samu yiwuwar kamuwa da tabon matatu, wanda likitoci ke kira FSGS, ta ninka sau 17, ta ciwon ƙodar da ƙanjamau ke haddasawa kuma sau 29. A Afirka ta Kudu wani bincike na 2015 ya samu ninki 89. A Habasha kuwa, inda G1 da G2 kusan babu su, irin wannan ciwon ƙoda na masu ƙanjamau ba kasafai ake ganinsa ba.

Wani abu da ya kamata a riƙe da kyau: yawancin masu kwafi biyu ba sa kamuwa da ciwon ƙoda har ƙarshen rayuwarsu. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ne ke kamuwa. Ana bukatar bugu na biyu, wani abu da zai tunzura fodosayit ya samar da furotin ɗin da yawa. Babban mai tunzurawar shi ne intafiron, sinadarin da garkuwar jiki ke saki idan ƙwayar bairos ta shiga. Ƙanjamau da ba a danne da magani ba shi ne bugu mafi ƙarfi da aka sani. An ga irin haka da korona a 2020, da cutar lufus, wadda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin da kansa, da masu karɓar allurar intafiron a matsayin magani. Wannan ne ya sa aka zaɓi sashen masu ƙanjamau don binciken Kano, kuma shi ne dalilin da ninkin da aka samu a Kano bai kai na Amurka da Afirka ta Kudu ba: mutanen duk suna kan magani, ga shi kuma albumin aka auna, ba a yanki tsokar ƙoda an duba ba.

Yadda ya kamata a karanta alƙaluman

Kashi 49.1 da aka samu a tsakanin Ibo na waɗanda ke zuwa wannan sashe ne, kuma su tsiraru ne a cikin mutanen da aka gwada. Ba a ɗaukar wannan adadi a ɗora wa ƙabila gaba ɗaya. Haka ma kashi 2.1 ba takardar tsira ba ce ga Bahaushe ko Bafulatani. Ƙabilar da mutum ya faɗa da bakinsa ba ita ce tarihin jininsa ba, musamman a gari irin Kano da ya shafe ɗaruruwan shekaru yana karɓar baƙi yana aurar da su. Mutum biyu cikin ɗari a al'umma mai miliyoyi jama'a ce mai yawa.

Binciken hoto ne na lokaci guda, bai bi mutanen shekaru ba don a ga wa ya kai ga wanki. Ratar mako huɗu zuwa takwas kuma ba ta kai wata ukun da ƙa'ida ta nema ba, saboda haka ba duk kashi 37 ɗin ne za a kira masu ciwon ƙoda mai daɗewa ba. Duk da haka, yoyon da aka auna da fitsari biyu ya wuce a kira shi tsautsayi.

Babban binciken haɗin gwiwa na H3Africa da aka yi a Ghana da Nijeriya, wanda ya fito a ƙarshen 2024, ya ƙara haske. Cikin mutum 8,355, masu ciwon ƙoda da masu lafiya, kashi 43 suna da kwafi ɗaya, kashi 29.7 suna da biyu. Kwafi biyu ya ƙara yiwuwar ciwon ƙoda da kashi 25 cikin ɗari, kwafi ɗaya ma, wanda a da ake ɗauka ba shi da illa, ya ƙara da kashi 18. Ƙari ne na gaske, amma bai kai ninki goma ko ashirin da aka saba ji daga Amurka ba, domin a nan sauran abubuwan da ke kashe ƙoda suna da yawa.

Sauran mutum 800

Masu binciken sun buɗe wani sabon aiki don gano musabbabin yoyon da ya ƙi tafiya a tsakanin waɗannan mutane. Amma abubuwan da ke cikin jiki waɗanda aka tabbatar suna lalata ƙoda sanannu ne, kuma kowane likita da ke duba irin waɗannan marasa lafiya zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya.

Hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba a ko'ina a duniya. Hawan jini yana taurara ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ga matatu, ya kuma tura matsi kai tsaye cikin dunƙulen. Suga mai yawa yana sa matatu su yi aiki fiye da ƙima a shekarun farko, ya kauraye bangonsu, sannan yoyo ya fara. Masu ciwon suga na manya da yawa ana gano su ne bayan sun shekara da shekaru da cutar, don haka ranar da aka gano sugan ita ce ranar da ya kamata a auna albumin. Akwai kuma juyin da ake yawan mantawa da shi: ƙoda mai ciwo ita ma tana haddasa hawan jini. Matashi ɗan shekara 30 da aka samu jininsa 170 bisa 110, kada a tsaya ga ba shi ƙwaya kawai, a duba fitsarinsa. A binciken AASK na Amurka, wanda aka yi kan baƙaƙen fata da aka ce hawan jini ne ya taɓa musu ƙoda, kashi 58 na masu kwafi biyu sun kai ga mummunan mataki, a kan kashi 37 na sauran, kuma tsananta sauke hawan jinin bai goge wannan bambanci ba.

Sai wanda ba a cika kawo shi a zance ba, alhali a ganinmu yana cikin mafi muhimmanci a ƙasar Hausa: adadin matatun da aka haifi mutum da su. Ƙoda tana gama ƙera matatunta ne a wajen mako na 36 na ciki, bayan haka ba a ƙara ko ɗaya. Da aka ƙirga a gawarwaki, an samu masu 200,000 a ƙoda ɗaya, an samu masu sama da miliyan biyu. Bakwaini, da jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba, da wanda mahaifiyarsa ta yi fama da yunwa ko ƙarancin jini ko zazzaɓin cizon sauro tana da cikinsa, duk suna fara rayuwa da jari kaɗan. Tun 1988 likitan ƙoda Barry Brenner ya kawo wannan bayani, bincike da dama kuma sun tabbatar da alaƙar. Bayan shekara 40 ƙarfin tacewa yana raguwa da kimanin maki ɗaya a shekara ko ga mai lafiya. Wanda ya fara da matatu miliyan biyu ba zai ji ba, wanda ya fara da rabin miliyan kuwa, da zarar hawan jini ko ƙiba ta hau kai, sai ya iske kansa a mataki na uku yana ɗan shekara 45. Awon ciki da abincin mai ciki, ashe, aikin kare ƙodar mutum ne shekara arba'in kafin ya san yana da ita.

Sikila ma tana ciki, har da mai AS da ake cewa lafiyarsa ƙalau. Can tsakiyar ƙoda wuri ne mai ƙarancin iskar oksijin da yawan gishiri, yanayin da ke sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe su toshe siraran jijiyoyi. Wani babban bincike na 2014 a Amurka ya nuna masu AS sun fi masu AA samun albumin a fitsari da raguwar ƙarfin ƙoda. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya AS ne. Ga mai SS kuwa, yoyon kan fara tun ƙuruciya, kuma kiriyatinin ɗinsa kan fito ƙasa ƙwarai har ya ruɗi mai dubawa.

Cututtuka masu zama a jiki su ma suna da rabonsu. Ciwon hanta nau'in B da C suna sa garkuwar jiki ta tara tarkace a bangon matatu. Tsargiya, wadda ta zama ruwan dare a wuraren noman rani da bakin madatsun ruwa, tana sa jini da furotin a fitsari daga mafitsara, idan ta daɗe kuma ta ƙuntata bututun da ke sauko da fitsari, ya koma ya kumbura ƙoda. Ƙanjamau kansa yana shiga ƙwayoyin ƙoda. Ga mata, wadda ta taɓa yin hawan jinin ciki ko jijjiga tana cikin haɗari fiye da sauran har bayan shekaru. Duk wanda ƙodarsa ta taɓa tsayawa farat ɗaya, sanadin amai da gudawa ko zubar jini wajen haihuwa ko zazzaɓi mai tsanani, ko da ta farfaɗo, ba lallai ne ta koma yadda take ba. Ga dattawa maza kuma akwai kumburin ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsara, mai hana fitsari fita duka.

Yadda ake binciken a aikace, da inda ake kuskure

Fitsarin farko na safe ya fi, a kwalba mai tsabta, a nemi gwajin albumin bisa kiriyatinin. Tsinken gwajin da ake tsomawa a fitsari yana da amfani, amma sau da yawa ba ya ganin ƙaramin yoyo, musamman idan fitsarin ya tsinke da ruwa. Mutum zai iya samun 120 tsinken ya nuna babu komai. Ba a yin gwajin lokacin zazzaɓi, ko jinin al'ada, ko ciwon sanyin mafitsara, ko washegarin aikin ƙarfi mai tsanani, ko sa'ad da suga ya yi sama sosai, domin duk suna ɗaga albumin na ɗan lokaci. Idan ya fito 30 ko sama, a maimaita. Biyu cikin uku a tsakanin wata uku zuwa shida su ne ke tabbatarwa. Idan an ga jini a fitsarin, a duba ƙwan tsargiya a fitsarin tsakar rana, a ba da praziquantel miligiram 40 a kowane kilo na nauyin jiki idan an samu, sannan a sake awo bayan wasu makonni.

Kiriyatinin na jini shi kaɗai yana yaudara, domin daga tsoka yake fitowa. A ɗauki sakamako ɗaya, 100 a ma'aunin da ɗakunan gwajinmu suka fi amfani da shi. Ga saurayi ɗan shekara 25, lissafin eGFR na 2021 zai ba da ƙarfin tacewa sama da 90. Ga tsohuwa 'yar shekara 65, wannan 100 ɗin kusan 54 ne, wato mataki na uku, alhali ba lallai ne takardar ta nuna alamar ja ba. Dole a riƙa lissafa eGFR. Kada kuma a yi amfani da tsohon ƙarin da ake yi wa baƙar fata a lissafin, an cire shi a 2021, kuma awon da aka yi kai tsaye a Malawi da Uganda da Afirka ta Kudu ya nuna lissafin kiriyatinin yana ƙara wa 'yan Afirka maki ko ba tare da ƙarin ba.

Ga masu shan maganin ƙanjamau akwai tarko biyu a cikin ƙwaya ɗaya da aka fi bayarwa yanzu. Dolutegravir yana ɗaga kiriyatinin kaɗan a makonnin farko saboda ya tare hanyar fitarsa, ba don ƙoda ta lalace ba. Ƙarin yana tsayawa wuri ɗaya, bai kamata a firgita a canza magani ba. Tenofovir kuwa yana iya cutar da bututun matata da gaske. Alamarsa suga a fitsarin wanda ba shi da ciwon suga, da raguwar sinadarin fosfet a jini, da kiriyatinin mai ci gaba da hawa. Idan ƙarfin tacewa ya sauka ƙasa da 50, likita ne zai sauya shi da wani. Mara lafiya ya daina shan magani da kansa shi ne mafi munin zaɓi, domin bairos ɗin da ya farfaɗo shi ne bugun da mai kwafi biyu ya fi tsoro.

Idan yoyo ya tabbata, maganin farko shi ne ajin lisinopril ko losartan, domin suna sassauta jijiyar da ke fitar da jini daga matata, matsin ciki ya sauka. Lisinopril ɗin ne ma aka zaɓa don gwaji a kan masu ƙaramin yoyo a aikin na Kano. Ana farawa da kaɗan, a auna kiriyatinin da fotasiyam bayan mako biyu zuwa huɗu. Hawan kiriyatinin da bai wuce kashi 30 cikin ɗari ba abin da ake tsammani ne, ba dalilin tsayarwa ba. Ba a haɗa lisinopril da losartan, ba a ba mai ciki ko mai neman ciki, kuma a ranakun amai da gudawa ana dakatarwa har mutum ya koma ci da sha. Busasshen tari na lisinopril ne, a koma losartan. Ana son jini ya zauna ƙasa da 130 bisa 80. Dapagliflozin ko empagliflozin, miligiram 10 a rana, sun nuna suna rage saurin lalacewar ƙoda ga masu suga da marasa suga a manyan gwaje-gwajen 2020 da 2022. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya yana cikin lissafin. Abin da ya fi saurin rusa duk wannan aiki shi ne haɗin maganin ciwon jiki na kemis, mai diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam, da manomi ko lebura ke sha kullum da yamma bayan ya yini a rana bai sha isasshen ruwa ba. A tambayi mara lafiya wannan da sunansa, domin da yawa ba sa lissafa shi a cikin magunguna.

Aure, dashe da sabon magani

Tunda jama'a sun saba da gwajin jini kafin aure, wanda dokar Jihar Kano ta 2024 ta wajabta, wani zai ce a ƙara APOL1 a ciki. Ba mu ga hujjar haka ba. Idan uwa da uba kowanne yana da kwafi ɗaya, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na kwafi biyu, kamar dai AS da AS. Amma ɗan da ya gaji SS zai yi ciwo tabbas, shi kuwa mai kwafi biyu na APOL1 ya fi yiwuwa ya tsufa da ƙodarsa lafiya. Raba masoya a kan wannan zalunci ne. Abin da ya dace da iyalin da aka taɓa yi wa wani nasu wankin ƙoda shi ne iyaye da 'yan'uwa da 'ya'ya su riƙa awon jini da fitsari sau ɗaya a shekara, ko an san ƙwayar gadonsu ko ba a sani ba.

Maganin da ke toshe furotin ɗin kai tsaye yana kan hanya. Inaxaplin, na kamfanin Vertex, ya rage furotin a fitsari da kashi 47.6 cikin mako 13 a wani ƙaramin gwaji na mutum 13 masu kwafi biyu da tabon matatu, wanda aka buga a 2023, daga nan aka shiga babban gwaji. A shekarar ce kuma aka gano cewa wani ƙaramin sauyi mai suna N264K, idan ya zo tare da G2, yana kashe mafi yawan dafinsa, abin da ke nufin ba duk masu kwafi biyu ne haɗarinsu ɗaya ba.

Inda gwajin APOL1 yake da amfani a yau shi ne wajen dashe, aikin da asibitin na Kano yake yi tun 2002. A nan ƙasar ɗan'uwa ne yawanci ke ba da ƙoda, kuma idan mara lafiya yana da kwafi biyu, ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya yana da aƙalla yiwuwar ɗaya cikin huɗu ta kasancewa haka. Bincike a Amurka ya nuna ƙodar da aka ciro daga mamaci mai kwafi biyu tana saurin gazawa kusan ninki biyu, kuma ƙwayar gadon mai bayarwa ce ta fi tasiri, ba ta mai karɓa ba, domin fodosayit ɗin da ke cikin ƙodar na mai bayarwa ne. Shi kansa mai bayarwa da ransa, idan yana da kwafi biyu, an samu ƙarfin ƙodar da ta rage masa ya fi na sauran masu bayarwa sauka bayan shekaru. Saurayi ɗan shekara 22 da ya zo ba wa yayansa ƙoda yana da shekaru hamsin a gabansa da zai rayu da guda ɗaya. Idan ciwon yayan ba na suga ba ne, kuma akwai halin aika jinin ƙanen a duba APOL1, a duba kafin a sa ranar aiki, a kuma zaunar da shi shi kaɗai, ba a gaban dangi ba, a faɗa masa abin da sakamakon yake nufi.